Shimfidar wasan yara mai komawa jaka: yadda na ga wadda aka dinka mun a nan Kaduna

Assalamu alaikum iyayen yara. Yau magana zan yi a kan wata shimfidar wasa da na bayar aka dinka wa yarana, irin wadda in sun gama wasa sai a ja igiya ta tattare da kayan wasan a cikinta ta koma jaka a rataye. Tun da wuri bari in fadi inda na tsaya, abin ya yi, kudina bai tafi a banza ba, kuma duk mai kananan yara ina ba ta shawara ta yi ta. Amma ba zan boye inda aikin ya gaza ba, sannan akwai abu guda a jikinta mai hadari wanda in har ba za a kiyaye shi ba to gara a hakura da ita kwata-kwata.

Ga wadda ba ta taba ganin irinta ba, yadi ne ake yankawa zagayayye babba, a yi shi ninki biyu sama da kasa, a sa dan abu mai laushi a tsakani, sai a bi bakin a kewaye shi da kubaka a zura igiya, daidai yadda ake wa wandon maza kubaka da zariya. In aka shimfida ta yaro ya zauna a tsakiya da kayan wasansa, in an gama ya tashi a kama igiyar a ja, bakin ya tsuke, duk abin da ke kai ya gangara tsakiya. Shikenan fa, ba tsince-tsince.

Mu a Unguwar Dosa muke, ciki biyu da falo, ina da 'yan biyu masu shekara 4 da kanwarsu da ta fara rarrafe. Duk uwar da ke da yara a wannan shekarun ta san matsalar ba wurin ajiya ba ce, wurin ajiya ai akwai, ga kwando ga baf ga Gana-mas-go ga kwalin taliya, matsalar ita ce wa zai durkusa ya tsince bulo-bulon roba daya bayan daya daga karkashin kujera da bayan firij bayan an yi sallar isha'i kowa ya gaji. Kwando yaro kifar da shi yake yi ya zazzage komai dan ya nemo mota guda daya, Gana-mas-go kuwa zif dinta ba ya jimawa kuma in ta fara tsufa zaren ledar ya dinga fita mai rarrafe tana tsinta tana kaiwa baki. Ga Abbansu in ya fito asuba ba wuta ya taka bulo da tafin kafa, wanda ya taba takawa ya san zafin. Abin da ya ja ni ga wannan shimfidar shi ne wurin wasan da wurin ajiyar abu daya ne, ba a kwashe kaya daga nan a kai can.

A Instagram na fara ganinta, masu kawo kaya daga waje suna tallarta, da na tambayi kudi na ji abin da aka ce sai na ajiye wayar, dan yadi ne kawai da igiya ba wani inji a ciki. Na fara kai hoton wurin telolin maza biyu da muke hulda da su, dayan ya ce shi kaftani da 'yar shara yake yi ba ya irin wannan, dayan ya karba amma daga yadda yake juya hoton na gane ajiyewa zai yi sai ranar da ya rasa aiki. Karshe wata baiwar Allah ce a bayan layinmu mai dinki a cikin gida, wadda ta fi yin zanen gado da labule da kayan jarirai, ita ta yi mun. Kuma wannan ita ce shawarata ta farko, ki nemi mai dinkin zanen gado da rigar kujera, su suka saba da babban yadi da dinki mai kauri, kuma mace mai yara tun kafin ki gama bayani ta riga ta gane me kike nufi.

Da na nuna mata hoton ta dan yi shiru tana zuƙowa da yatsa, sai ta ce, "Maman 'yan biyu, wannan ai ba wuya, amma su biyu za su zauna a kai ko har da karamar?" Na ce, "Anti har da ita, dan duk inda suke nan take rarrafowa." Ta dauko tef ta zana a kasan dakinta da alli, ta kira yaranta biyu suka zauna a ciki muka gani da ido, inci 45 ya yi kadan in an zuba kaya, sai muka tsaya a inci 60, wato kafa 5 daga baki zuwa baki. Wannan gwajin da ta yi ya burge ni sosai, dan da a baki kawai muka yanke da an yi karama. Ta kuma tambaye ni fadin filin da ke tsakanin kujerun falona, ta ce in koma in auna kafin a sayi yadi, dan shimfidar da ta fi filin daki girma bakinta nadewa zai yi ya hau kafar kujera kuma ba za ta jawu da kyau ba.

Kaya ni na sayo da kaina da jerin da ta rubuta mun. Na kasan, wanda zai dinga gogar tayil kuma shi ne bayan jaka in an zuge, ta ce in nemo mai kauri, sai na shiga Kasuwar Barci a Tudun Wada bangaren 'yan gwanjo na samu labule mai nauyi mai duhun kala, fadinsa ya wuce inci 60 dan haka ba a yi masa hadi ba. Tun da aka rushe kasuwar a 2020 aka sake gina ta wasu 'yan kasuwar sun canza wuri, sai kin dan yi tambaya, amma har yanzu in dai labule da zanen gado da bargo na gwanjo ne can ne wurin zuwa. Na saman kuma wanda yara za su zauna a kai atamfa na so, sai dai atamfa fadinta inci 45 zuwa 48 ne, ba ta kai 60 ba, dole a hada falle biyu a dinke a tsakiya, kusan yadi uku da rabi ke nan daga cikin turmi mai yadi 6. Ina da zannuwa biyu iri daya na wani anko da na daina daurawa, su aka yi amfani da su. Igiya da zare da zif kuma a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na saya wurin masu kayan dinki.

Bari in dan tsaya a kan maganar atamfar nan dan tana da muhimmanci. Ki nemi ta auduga, kar ki sa mai roba. Mai roba santsi gare ta, tana rike zafi, yaro ya zauna a kai da rana a watan Maris ko Afrilu kafin ruwa ya sauka sai ki ga cinyarsa ta jike da zufa har kuraje su fito. In kina shakka ki zare dan zare daga gefe ki kyasta masa ashana, na auduga ci yake ya zama toka mai laushi, na roba narkewa yake ya dunkule ya yi tauri. Abin yana mun ciwo wallahi, a ce a garin Kaduna sai mutum ya yi wannan gwajin kafin ya samu yadin auduga, garin da aka kafa masakar Kaduna Textiles a Kakuri tun 1957 zamanin Sardauna, ga masakun UNTL da Arewa Textiles duk a nan suke a da, iyayenmu da yawa da albashin masaka suka rike gida. Yau yawancin abin da ke kasuwa daga waje ake shigo da shi. Shi ya sa tsofaffin zannuwan da ke kasan akwati sun fi sabbin dacewa da wannan aikin, sun sha wanki sun yi laushi, sun gama zubar da za su yi, ba kuma za su kara shigewa ba.

Ranar yankan ina zaune, kuma na ji dadin ganin yadda ta yi. Ta ninka yadin gida hudu, ta daura alli a bakin zare mai tsawon inci 30 da dan kari na dinki, ta danne daya bakin a kusurwar ninkin ta ja layi a lankwashe, ta sa almakashi ta bi, tana warwarewa sai ga shi zagayayye cif. Lissafin igiya ma a gabana ta yi, ta ce kewayen abu zagayayye ya ninka fadinsa sau uku da dan doriya, to inci 60 zai ba da kusan inci 188, wato yadi 5 da kwata, sai a kara na kulli. Masu cewa dinki ba ya bukatar boko su zo su ga wannan.

Abin da za a sa a tsakani mun dan yi ja-in-ja. Ni soso na so, irin siririn da masu kujeru ke amfani da shi, har na ce zan aika kasuwar Panteka a samo mun guntaye, ita kuma ta ce a'a, soso in ya sha fitsari ko kunu ba ya bushewa da wuri, wari yake rikewa, sannan in ya yi kauri jakar ba za ta tsuke ba. Ta ce in kawo tsohon bargo marar nauyi. Haka aka yi, ta shimfida shi tsakani ta bi da dinki layi-layi daga tsakiya zuwa baki dan kar ya tattare wuri daya in an wanke. Gaskiyarta ne, laushin ya isa ya tare sanyin tayil lokacin hunturu, kuma ba ta yi nauyin da za ta gagari wanki ba. Ba katifa ba ce dai, in yaro ya fado daga kan kujera ba za ta tare shi ba, kar a dauke ta a haka.

Inda aikin yake gaba daya shi ne kubakar, nan ake gane tela. Da yawa za su kalmashe bakin ne kawai su zura igiya, to bakin abu zagayayye in aka kalmashe shi haka tattarewa yake yi, ga kauri uku na labule da bargo da atamfa, igiyar sai ta cije ki yi ta ja ba ta tafiya. Ita daban ta yanka kubakar da yadi marar kauri, yankan bayas, wato a karkace, dan ya bi lankwasa ba tare da ya yamutse ba, fadinta inci 2 bayan an ninka, kuma ba ta yi ta a dunkule ba, gida takwas ta raba ta da 'yar tazara kadan a tsakani. Amfanin haka igiyar tana zamewa da sauki kuma in ta tsinke ko ta shige ciki ba sai an farke komai ba. Duk bakin gida ta maimaita dinki ta koma ta dawo dan nan ne karfin ja yake taruwa. Na ce ko za a sa irin zoben karfen nan da ake bugawa a jaka, ta ce, "Maman 'yan biyu ki rufa mun asiri, wannan in ya sha wanki tsatsa yake, in ya fita kuma bakin karamar zai tafi." Ban kara magana ba. Sannan kafin kubakar ta daga dan bango mai tsawon inci 4 a kewaye, wanda babu shi a hoton da na kai mata, dabararta ce, kuma shi ne yake hana kananan motoci da kwallo gangarewa waje. A wurina wannan dan bangon shi ya fi komai amfani a jikin shimfidar.

To a aikace ya take? Gaskiya ta canza mana yamma. Doka daya na kafa, kayan wasa ba sa sauka daga kan shimfida, kuma da yake yaro yana ganin iyakar da idonsa ya fi saurin kiyayewa fiye da a ce masa "kar ka watsa kaya". Ba wai ba sa fitarwa ba, suna fitarwa, amma in an kira magariba aikinsu kawai su turo abin da ya fita su dawo da shi kai, wannan kam dan shekara 4 zai iya ba kuka ba rigima, ni kuma in ja igiya in rataye. Abin da da yake cin mun lokaci ina yi ina fada yanzu kafin a tada sallah an gama. Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne neman abu, in an bude komai a baje yake a fili, yaro yana hango motarsa ba sai ya zazzage ba. In baki suka yi sallama kuma kafin su cire takalmi falo ya koma daidai. Ranar da za mu wuni gidan Hajiyarmu a Kawo haka nake saba ta a kafada mu shiga Keke da ita, a can ma a shimfida a tsakar gida karkashin inuwa, jikoki su taru a kai da gwangwanayen wasan girkinsu da 'yan tsana, ba mai zama a kasa.

Yanzu inda aka gaza. Na farko alkawari, ta ce mun sati daya, ya zama kusan uku, kullum da dalili, yau ba wuta ba ta yi wibin ba, wato dinkin bakin yadi dan kar ya zare, gobe an kawo mata kayan suna na gaggawa. Na san halin da masu dinki ke ciki da wutar nan, kuma kekenta na kafa ne wibin din kawai ke bukatar wuta, amma da ta ce mun sati uku tun farko da ban dinga aika yaro ba. Na biyu igiyar da na kawo ba ta isa ba bayan an kara bango, maimakon ta fada mun sai ta sa igiyar shanya ta roba, wannan mai kaushin, tana cin hannu in an ja da kaya a ciki kuma kullinta kwancewa yake. Sai da na mayar aka canza da igiyar auduga sakakkiya mai kaurin dan yatsa karami, ita ce ta zauna daidai. Na uku aljihun da ta yi a ciki na kananan abubuwa, zif din da ta sa ba nawa ba ne, wani marar kwari ne, bai dade ba ya bare. Na hudu kuma wanda ya fi bata mun rai, jan kyallen da ta yi bango da shi daga ragowar dinkinta ne kuma ba ta jika shi ba kafin ta dinka, wankin farko ya zuba a kan atamfar ya bar shacin ja a gefe guda har yau. Da na nuna mata ba ta yi musu ba, ta ba da hakuri, zif da igiya ta gyara ba ta karbi ko sisi ba, wannan kuma na yaba mata. Amma zubar kala ba ta gyaruwa, dan haka ki tabbatar duk kyallen da zai shiga aikin an jika shi an shanya tukuna, naki da nata.

Sai maganar da na ce mai hadari, kuma dan Allah a karanta nan ko da an tsallake sauran. Igiyar. In shimfidar tana bude igiyar duk tana cikin kubaka, amma da zarar an zuge kusan yadi 5 ne ke fitowa waje, kuma a madauki yake fitowa, abin da zai iya shiga wuyan yaro. A Amurka ka'idar kayan wasan yaran da ba su kai wata 18 ba ita ce igiyar da ke jikinsu kar ta kai inci 12, to ki kwatanta da yadi 5. Shakewa ba ta da kara, yaro ba ya iya ihu, kina kicin ba za ki ji komai ba. Abin da muka yi shi ne aka fitar da igiyar ta gefe biyu maimakon daya dan tsawon ya rabu, aka dinka dan aljihu a baya inda nake nannade ta in cusa, sannan kafinta ya buga mun kusa mai kwari can sama inda ko sun taka kujera ba za su kai ba. Ja da ratayewa aikina ne ko na Abbansu, 'yan biyun sun san ba ruwansu da igiya. Ko a bude take ma yaro mai wayo zai iya zakulo igiyar ta tazarar kubaka, shi ya sa ban taba barin mai rarrafen a kai ita kadai ba, kuma ba a barci a kai, in barci ya dauke ta dauke ta nake in mayar gado. Sannan a ja wa manyan kunne kar wani ya shiga ciki a zuge shi da sunan wasa, dan wallahi abu na farko da zai zo musu a rai ke nan, nawa ma sai da suka tambaya.

Haka kuma tunda komai wuri daya yake haduwa, kayan manya da na karama cakuduwa suke, to sai an tace. Duk abin da zai iya shigewa cikin kwalin tishu bai kamata ya zauna inda dan kasa da shekara 3 yake ba, murfin lemo, tayar karamar mota da ta cire, duwatsun 'yar carafke, fasasshen balan-balan, idon 'yar tsana. Bulo ma iri-iri ne, kananan irin na LEGO ba na masu rarrafe ba ne, manyan irin Duplo da suka ninka su girma su aka yi wa kanana. Wanda ya fi ban tsoro shi ne dan batirin nan mai fadi da ke cikin motoci masu wuta da wayar wasa, in yaro ya hadiye shi ya makale yana iya kona makogwaro cikin awa 2, wannan asibiti ake nufa kai tsaye ba a jira a ga abin da zai faru. Ni duk abin da ke da batir na raba shi da jakar, yana saman wadrob sai ina zaune ake sauko da shi.

Wanki ba laifi. Lokacin hunturu kura take kwasa sosai, kullum sai na kakkabe ta a waje kafin a shimfida, amma in an wanke kafin la'asar ta bushe. Damina ce matsala, a watan Agusta in aka yi kwana biyu ba rana bargon ciki yana rike danshi, in kika zuge ta a haka sai ta fara warin funfuna, dole ki bari ta bushe karau ko da za ta kwana a kan igiya a baranda. Kuma kar a bar guntun biskit ko cincin a ciki a rataye, kyankyaso da kiyashi za su same shi. Wasu na sa ledar makintosh a kasa saboda fitsari, ni ban sa ba dan tana sa santsi a kan tayil kuma tana tsagewa wurin tsukewa, na fi gane in wanke.

Kudi kuma, na hannunta ta caje ni kamar na dinkin doguwar riga biyu marasa kwalliya, kuma duba da yawan dinkin da ke jiki ban ga ta tsawwala ba, ban ma nemi ragi ba. Da labulen gwanjo da igiya da komai duka bai kai rabin abin da mai kawowa daga waje ta ce mun ba, tawa kuma ta fi girma ta fi kauri, ga bango. Sai dai ba kowa za ta yi wa ba. In kayan yaranki manya ne irin keke da babbar mota da tedi, ba wurinsu ba ne, an yi ta ne dan tarkacen kanana. In aka cika ta da yawa nauyi take, kusa na iya fita, dinkin kubaka na iya budewa, ni abin da ba zan iya dagawa da hannu daya ba ragewa nake. Littattafai ma lankwashewa suke a ciki, kalar da yara ke zane da ita kuma karyewa take ta bata yadin. Mai son komai a jere kala-kala kowanne da gidansa ita ma ba za ta ji dadinta ba, dan a nan komai a hade yake.

Wata makwabciyata mai koyarwa a islamiyyar yara ta gani ta ce za ta yi wa 'yan ajinta, na ce mata ta yi inci 45 guda biyu maimakon babba daya, kuma a makaranta inda yara ke da yawa ido ba ya kai wa kowa gara a zare igiyar gaba daya lokacin wasa a mayar in an tashi, tunda kubakar gida-gida ce zurawa ba ta da wuya. In za ki kai naki ki tafi da hoto, ki auna falonki, ki fadi inci nawa, ki ce kubaka daban kike so ba kalmasa ba, ki nemi bango da aljihun igiya, ki kuma gwada ja da kaya a ciki a gaban telar kafin ki biya cikon kudi. Kuma kar ki kai ana saura wata daya sallah ko lokacin komawa makaranta da ake rububin yunifom, ba mai kula ki, ki bari sai bayan sallah da sati biyu lokacin da kekuna suka yi shiru.